Yadda za ka tsaya gaban taro ka yi magana a saurare ka

Aikin malamin gona rabinsa magana ne. Iri da taki da maganin feshi a mota suke zuwa, amma yadda za a yi da su sai an tara mutane an faɗa musu da baki, a gindin bishiya ko a ƙofar gidan mai gari ko a filin makarantar firamare. A haka na yi shekarun aikina tsakanin fadamun Argungu da Suru da Bunza da gonakin albasa na Aliero, har na ajiye. Yanzu matasa ne ke sallama a zaurena a Birnin Kebbi. Wannan an ba shi sakataren ƙungiya, wancan zai gabatar da bincikensa gaban malamai a jami'a, wata an ce ta yi wa matan unguwa bayanin rigakafi. Tambayarsu ɗaya ce: Baba, yaya ake raba mutum da tsoron taro?

Nakan ce musu ba a raba shi da shi. Faɗuwar gaba da bushewar baki da rawar gwiwa da gumin tafin hannu duk aikin jiki ne. In idanu suka yi wa mutum caa, jikinsa kan ɗauka haɗari ne ya tunkaro, sai ya saki wani sinadari da likitoci ke kira adiranalin, zuciya ta ƙara gudu, yawu ya ɗauke. Limamin da ya daɗe yana hawa mumbari ma yakan ji wani abu ranar da aka ce sarki na sahun gaba. Abin da na lura da shi a kaina da a kan wasu, abin ya fi tsanani kafin a kira sunanka da kuma minti ɗaya ko biyu na farko. In ka tsallake nan yakan lafa da kansa. Abin da ke riƙe mutum a wannan ɗan tsakanin shi ne ya san abin da ya zo faɗa, ya kuma san waɗanda zai faɗa wa. Yawancin waɗanda na ga sun daburce a gaban jama'a, ɗayan biyun nan ne ba su shirya ba.

Mu fara da abin da ka zo faɗa. Ya zama abu guda, wanda za ka iya gaya wa ƙaninka a numfashi ɗaya ya maimaita maka. A ofis akan ba mu takarda mai ɗauke da komai game da shinkafa: gyaran ƙasa, zaɓen iri kamar Faro 44, rainon iri, dashe, tazara, taki, ciyawa, korar tsuntsaye, yanka, sussuka. Sabon ma'aikaci yakan so ya juye wa manoma wannan duka a zama ɗaya don a san ya yi karatu. Su kuwa sai su tashi ba su riƙe ko ɗaya ba. Manomin kirki ba ya watsa duk takinsa na yuriya rana ɗaya, don ya san ruwa zai tafi da rabi. Yakan raba ta, ya ba shuka daidai abin da za ta iya ci a lokacin. Haka magana take. In lokacin dashe ne, abin da na zo faɗa shi ne kada iri ya wuce sati 3 a wurin raino kafin a dasa shi. Shi ke nan. Duk sauran abin da zai fito daga bakina hidima yake yi wa wannan: me ya sa, wa ya gwada ya gani, me za a yi gobe da safe. Abin da bai taimaki wannan jimlar ba, komai daɗinsa, nakan ajiye shi sai wani zaman.

Kai ma kafin ka rubuta komai, zauna ka tambayi kanka: in mutanen nan sun koma gida aka ce musu me yaron nan ya ce, wace amsa nake so su bayar? In ka kasa amsawa, ba ka shirya ba tukuna, ko da shafi 10 ka cika.

Sai waɗanda za ka faɗa wa, kuma a nan ne nake so ka fi ɓata lokaci. Ka isa wurin da wuri. Ka nemi ɗan gari mai hankali, ku koma gefe ka yi masa tambayoyi. Wa zai zo? Wane ne babba a cikinsu? Akwai waɗanda ba sa ga maciji da juna? Waɗanda suka zo kafin ni me suka yi alkawari ba su cika ba? Wannan tambaya ta ƙarshe ta fi sauran amfani, domin sau da yawa fuskar shanu da za ka tarar ba taka ba ce, ta wanda ya zo bara ne ya rubuta sunaye ya karɓi hotuna bai sake waiwayowa ba. In ka sani tun da wuri, sai ka taɓo maganar da kanka kafin a jefo maka ita. Da ɗan gari akan ci gari.

Jihar nan ta Kebbi kuma ba iri ɗaya ba ce. Masarautu 4 gare mu, Gwandu da Argungu da Yauri da Zuru, kowace da sarautunta da yadda ake gaisuwa a fadarta. A ƙasar Zuru za ka tarar da Musulmi da Kirista a benci ɗaya, da yawansu kuma Dakarci suka fara ji kafin Hausa, don haka buɗewarka ta zama wadda kowa zai ji an gaishe shi, Hausarka kuma ta zama miƙaƙƙiya, ba mai tarin karin magana ba. Wajen Kamba akwai Dandawa da Zabarmawa. A ruga kuwa wani lokaci sai da tafinta. In da tafinta za ka yi, ka rage maganarka zuwa rabi, don lokaci zai ninka. Ka faɗi jimla ɗaya ko biyu ka tsaya, ka kuma kalli jama'a, ba shi ba. Kada kuma ka ce sai ka juya harshenka ya koma na masu karanta labarai a rediyo. In Hausar Kabi ko ta Zamfara ka tashi da ita, yi da ita. Mai ƙoƙarin aron harshe hankalinsa kan rabu biyu, rabi na kan abin da yake faɗa, rabi na gadin bakinsa, kuma masu sauraro suna ji.

Gaisuwa ita ce ramin da ya fi cinye masu magana a ƙasar nan. Ba a tsallake ta, kowa ya sani. Bayan sallama da salati inda ya dace, sai babban da ke wurin, mai martaba ne ko hakimi ko mai gari, sannan liman da malamai, sannan jami'ai, sannan sauran jama'a maza da mata. Sunaye da sarautu ka rubuta su a takarda, ka kai wa wani na kusa da fada ya duba maka kafin a fara. Mutum zai yafe maka in ka yi tuntuɓe a lissafi, amma in ka kira shi da sarautar da ba tasa ba, ko ka sa na ƙasa da shi a gabansa, da wuya ya ji sauran abin da ka faɗa. To amma in mutum 4 sun riga ka magana, kowanne ya jero sunayen nan tun daga sama har ƙasa, kai kada ka sake. Ka gai da babba da sunansa, "Allah ya ja zamanin sarki" ko "ranka ya daɗe", sannan ka haɗe saura: iyayena, malamaina, 'yan uwana maza da mata, ina gaishe ku gaba ɗaya. Na sha ganin wanda aka ba minti 5 ya kashe 4 a gaisuwa, yana shiga maganarsa mai gabatarwa ya matso yana nuna masa agogo.

Akwai kuma wata al'ada da matasa ke rikita ta. Ladabi ne yaro ya ce wa dattawa, "Iyayena, ba don na fi ku sani na tsaya nan ba, aiko ni aka yi da saƙo." Wannan jimla ɗaya ce, tana buɗe kunnen manya. Amma "ni ban iya magana ba, ban ma shirya ba, ku yi haƙuri da ni" wani abu ne daban. Ka gaya musu ke nan kada su saurare ka, su kuma za su bi umarninka. Rawar da gwiwarka ke yi a cikin wando ba wanda ke ganinta sai ka sanar.

Ɗan lokacin nan kafin ka miƙe yana da nasa aikin. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi yawon wa'azi a ƙasar Kabi da Zamfara shekaru kafin hijirar 1804, kuma ɗansa Muhammadu Bello ya rubuta yadda yake yi. In zai fita wurin jama'a yakan ɗan tsaya a gefe cikin gida ya yi wasu kalmomi. Da Bello ya tambaye shi, ya ce niyya yake sabuntawa, yana kuma roƙon Allah ya fahimtar da mutane abin da zai faɗa. In ya iso sai ya yi sallama da muryar da kowa zai ji, fuska a sake. Dubi abin da ya roƙa: mutane su gane. Wanda ya miƙe yana tunanin yadda za a gan shi, tsoronsa ƙaruwa yake. Wanda ya miƙe yana tunanin ko tsohon can na baya zai gane, ya sami abin da zai shagaltar da shi daga kansa. Da yawanmu kuma mukan karanta addu'ar Annabi Musa da ke cikin Suratu Ɗaha, inda ya roƙi a buɗa masa ƙirji, a sauƙaƙa masa al'amari, a warware ƙullin harshensa don a fahimci maganarsa. Bayan haka ka ja numfashi ta hanci, ka sake shi a hankali, fitarsa ta fi shigarsa tsawo, kamar sau uku. Ka kurɓi ruwa, musamman da hunturu lokacin da ƙura ke busar da maƙogwaro. Kada ka cika ciki da tuwo dab da taro.

In ka miƙe, ka kafa ƙafafunka biyu a ƙasa ka bar su nan. Kada ka fara magana kana tafiya. Ka isa, ka tsaya, ka dubi mutane, sannan ka yi sallama. In babbar riga ka sa, ka naɗe hannuwanta a kafaɗa sau ɗaya ka manta da ita. Akwai masu gyara riga da hula kowane rabin minti har jama'a su koma ƙirga musu. Ke ma ki daidaita mayafinki ko hijabinki tun kina zaune. Makulli da waya su shiga aljihu, don duk abin da ke hannun mai fargaba sai ya yi wasa da shi.

Makirufo kuma a riƙe shi kamar yatsu huɗu daga baki, a bar shi nan ko ka juya kai. Kada ka hura shi ko ka buga shi, kada kuma ka tsaya a gaban lasifika, nan ne yake yin ƙarar nan mai tsaga kunne. Ka sa a ranka janareto zai iya mutuwa a tsakiyar maganarka. In ya mutu kada ka tsaya jiran mai gyara, jama'a za su watse da hira. Ka ajiye makirufon, ka matsa kusa, ka ce na baya su matso, ka ci gaba. A fili kuwa ka tsaya inda iska za ta kwashi muryarka ta kai musu, kuma gara rana ta doki fuskarka da ta doki tasu.

Maganar ido sai an yi hattara, don tarbiyyarmu ba ta yarda yaro ya ƙura wa babba ido ba. Lokacin gai da sarki ko hakimi ka rusuna ka sauke kai yadda aka saba. Da ka shiga maganarka kuwa sai ka ɗago ka fuskanci jama'a. Nakan nemi fuska uku, ɗaya a dama, ɗaya a tsakiya, ɗaya can baya a hagu, in riƙa yi musu magana bi da bi kamar hira. A kowane taro ba a rasa mai gyaɗa kai. Ka same shi da wuri, zai ɗauke ka a mintin nan na farko. Mai kallon takarda ko rufin rumfa shi kaɗai yake magana.

Sannan ka rage gudu. Mai tsoro sauri yake yi don ya gama ya zauna. Nemi muryar Abubakar Tafawa Ɓalewa a YouTube, ko jawabinsa na ranar samun 'yancin kai a 1960 ko na ziyararsa Amurka a 1961, ka ji yadda yake ajiye kalma ɗaya kafin ya ɗauki wata. Malamin makaranta ne tun asali, kuma ba banza aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya ba. Waɗanda suka tashi da jin tafsirin Sheikh Abubakar Gumi, ɗan garin Gummi a Zamfara, ta Rediyon Kaduna, sun san ba da ihu yake riƙe mai sauraro ba. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan maimaita magana sau uku don a fahimce ta. To abin nan guda da ka zo da shi, faɗe shi a farko, ka dawo masa a tsakiya, ka rufe da shi. In ka faɗi abu mai nauyi ka yi shiru kaɗan ya zauna. Shirun zai yi maka tsawo, amma a kunnen jama'a daidai ne, kuma ya fi "wato", "ka gane" da "ma'ana" da muke cusawa don toshe gurbi. Turanci ma haka: in ba dole ba, bar shi. Kalma ɗaya da tsoho bai gane ba ta isa ta sa ya ɗauka ba da shi ake ba.

Lissafi kuwa ka mayar da shi abin da ake gani. Takarda za ta ce a bar tazarar santimita 20 tsakanin shuka da shuka. Ni kara nake yankawa daidai tsawon, in ɗaga shi sama, in miƙa a zagaya da shi. Kilo ya koma buhu da tiya. In na zo maganar dashe nakan zo da damin iri biyu a jiƙe cikin bokiti, ɗaya ɗan sati 3, ɗaya wanda ya tsufa a wurin raino ya yi tsawo ya fara rawaya. In miƙa wa na gaba ba tare da na ce komai ba. Za ka ga tsoho ya karɓa, ya girgiza laka, ya baje saiwar a tafin hannunsa, ya matsa gindin da babban yatsa, ya miƙa wa na kusa da shi yana wata 'yar magana ƙasa-ƙasa. Kafin bokitin ya dawo sun fara gardama a tsakaninsu a kan wanne zai fi yin 'ya'ya, ni sai in shigo da dalili. Gani ya kori ji. Ko a kan tsaftar ruwa za ki yi magana, ko a kan kuɗin ƙungiya, nemi abin da za a riƙa a hannu ko a gani da ido.

Game da takarda, ra'ayina ba ya canzawa: kada ka karanta, kada kuma ka haddace duka. Mai karatu kansa na ƙasa, muryarsa ta mutu. Mai hadda kuma kalma ɗaya ta ɓace masa, sauran duk sun bi ta. Ka haddace jimla biyu na farko, don su ne za ka faɗa lokacin da gaba ke faɗuwa, da jimlar da za ka rufe da ita. Tsakiyar kuwa ka rubuta kalmomi kaɗan da manyan baƙaƙe a 'yar takarda da za ta shiga tafin hannu, kowace kalma ta tuna maka da gaɓa ɗaya. Inda ake karantawa shi ne lissafin kuɗi, da sunayen mutane, da saƙon da wani babba ya aiko ka ka isar da bakinsa. Waɗannan ba a yin su da ka.

Gwaji da murya ake yi, ba a zuci ba. Abin da ya yi santsi a kai yakan sarƙe a harshe. Ku yanzu kun huta, waya na aljihunku. Ka ɗauki muryarka, ka saurara, ka duba minti nawa ka ci. Ba wanda ke son jin muryarsa da farko, daure. Sannan ka gwada a gaban mutum ɗaya a gida. In ka gama kada ka tambaye shi ko ya yi kyau, zai ce ya yi don kada ranka ya ɓaci. Tambaye shi me ya ji ka ce. In abin da ya maimaita ba shi ne abin da ka zo faɗa ba, koma ka gyara.

Tambayoyi su ne inda ake gane wanda ya san abinsa. A wani ƙauye na bakin fadama wani dattijo ya taɓa katse ni, ya ce, "Malam, wanga abu da kaka hwaɗi, ka taɓa yin shi da hannunka, ko a takarda ka gane shi?" Wurin ya yi tsit, matasa na murmushi suna jiran su ga yadda za a kwashe. Irin wannan ba a amsa ta da zafi, ba a kuma amsa ta da satifiket. Na ce, "Baba, shekarun da ka yi a cikin laka ban yi rabinsu ba. Abin da nake roƙo, a ba ni kunya huɗu a gefen gonarka mu dasa yadda na ce, sauran ka yi yadda ka saba, in an yanka kai za ka gaya wa jama'a abin da ka gani." Ya yi dariya ya ce ya ba ni. Mai irin wannan tambaya yawanci so yake a san da shi a wurin. In ka ba shi girmansa ka kuma ba shi aiki, ya zama naka.

In an yi tambaya, ka maimaita ta da ƙarfi don na baya su ji, kai ma ka sami lokacin tunani. In ba ka sani ba ka ce, "Wannan ban sani ba, zan tambayo in kawo amsa ranar kasuwa," ka kuma kawo. Kada ka yi alkawarin abin da ba a hannunka yake ba don a tafa maka. Tafin na minti ɗaya ne, bashin kuwa da sunanka za a rubuta shi. Wanda ya zo da rigima zalla, ka amsa masa sau ɗaya cikin ladabi, in ya sake sai ka juya wurin mai gari ko shugaban taro, aikinsu ne.

Raha tana da amfani in taka ce. Bafulatani da Babarbare za su iya tsokanar juna a gaban taro kowa ya yi dariya, don wasa ne da aka gada. Kai da ba ka cikin wasan in ka ara, zagi ne. Addinin mutane da ƙabilarsu da naƙasar wani ba abin raha ba ne. Ka kuma tuna a kowane taro yanzu akwai mai ɗauka da waya, kuma daƙiƙa 30 da aka yanko daga maganarka za ta iya kwana a Facebook ko TikTok ba tare da abin da ya gabace ta ba. A yankin da ake fama da matsalar tsaro wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kada ka ambaci sunan mutum ko ƙauye ko wata ƙabila da zargi a bainar jama'a. Magana zarar bunu ce.

Ga 'yan uwa mata, ba sai kin ari muryar namiji ko tsayuwarsa ba. Mata masu ilmantar da mata ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Tun ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu ta riƙa tura jajis, wato malamai mata, ƙauyuka suna koyar da 'yan taru, matan da ke taruwa don karatu, kuma da waƙa suke yi don a riƙe a ka. In a cikin gida ne kuma kowa na zaune a tabarma, ke ma ki zauna, tsayuwa a kansu na sa su ɗauke ki baƙuwa. Ki fara da gai da uwar gida da tsofaffi, ki tambayi yara. Kukan goyo da shige da fice ba raini ba ne, kada su tsayar da ke. In kuma taron haɗaka ne aka ajiye mata can baya, duk mai magana, namiji ko mace, ya tabbata muryarsa na isa can, ya kuma ware musu lokacin tambaya, in ba haka ba maza za su cinye shi duka.

Tsawon magana kuma, ka gama tun ana son ƙari. Hadisi ya nuna gajarta huɗuba alamar fahimtar mai yin ta ce, to ina ga ni da kai. Ka san lokacin salla, ka san ranar kasuwar garin, da damina ka riƙa duban gabas. In ka ga an fara latsa waya, ko idanu sun koma wajen masu sauke kulolin abinci, ka tsallake abin da ya rage ka tafi rufewa. Rufewar ita ce ka maimaita abin nan guda, ka faɗi abin da za a yi da ranar da za a yi shi da wanda za a nema, ka yi godiya, ka miƙa wa liman ko mai gabatarwa. "Daga ƙarshe" sau ɗaya ake faɗinta. Wanda ya faɗe ta sau uku, a ta biyun aka daina jin sa.

Wurin koyo kuwa ba ya wuya. Kada ka jira babban taro a ɗakin taro na gwamnati. Taron iyaye da malamai, zaman ƙungiyar unguwa, muhawarar makaranta, walimar saukar karatu, duk ana neman wanda zai miƙe ana rasawa. Na fi ba sabon shiga shawarar ya karɓi jawabin godiya, don gajere ne, tsarinsa a bayyane yake, jama'a kuma sun riga sun saki jiki. Kafin a zo wurin ka zagaya ka tambayi wa ya ba da rumfa da kujeru, su wa suka yi girki, wa ya zo daga nesa, ka rubuta. Ka fara da manya, ka bi da waɗannan, ka yi wa matafiya addu'ar sauka lafiya, ka sanar in akwai wani zama na gaba da ranarsa. Minti 2 ya ishe ka.